Bogar Kamfani ko Tsiren Bakin Tasha: Wanne Za Ki Saya wa Yaranki?



Idan kina da ɗa ko ƙanwa da suka taɓa yin hutu a Abuja, Kaduna ko Kano, na san kin sha labarin boga. Wato biredin nan mai zagaye da ake tsagawa biyu, a sa niƙaƙƙen nama a tsakiya, a ɗora latas da tumatir da mayonis, a naɗe cikin takarda mai sheƙi. Yaro ya dawo Yelwa ko Wara ko Shanga, a kawo masa tsire da zafinsa daga tukuba, ya yatsine fuska, wai shi na kamfani yake so. Wanda bai je ko'ina ba ma wayar hannu ta kai shi. Shi ya sa iyaye mata kan tambaye ni a wurin aiki, in an gama awon jini aka samu sararin hira: shin abincin kamfanin nan ya fi namu tsafta da gaske, ko kuwa tsada ce kawai da kwalliya? Amsar tana da ɗan tsawo, kuma kowane ɓangare zai ji abin da ba ya so.

Mu fara da kamfanonin. Ba jiya suka shigo ƙasar nan ba. Mr Bigg's na kamfanin UAC ya buɗe a Legas tun 1986, Chicken Republic ya biyo baya a 2004, KFC na Amurka ya iso a 2009, shi kuwa Burger King sai a 2021 ya buɗe shagonsa na farko a Legas. McDonald's, wanda shi ne uban tafiya a duniya, da rassa a ƙasashe fiye da ɗari, har yanzu ba shi da reshe a Najeriya. Mu a nan ƙasar Yawuri sai dai mu gan su a hoto ko in tafiya ta kama.

Abin da irin waɗannan kamfanoni ke sayarwa a zahiri shi ne tabbaci. Bogar da kika ci a wannan reshe ita za ki ci a wancan, nauyinta ɗaya, ɗanɗanonta ɗaya. Don haka ta yiwu, ana sarrafa naman a wuri guda, a daskarar da shi, a yi jigilarsa cikin mota mai sanyi, a ajiye a firiza. Yaron da ke gasawa ba ya aiki da ido ko da hanci, agogo ke gaya masa lokacin juyawa, ma'aunin zafi kuma ya gaya masa ko cikin ya nuna. A ƙa'idarsu, abin da aka gasa ya wuce wasu mintuna ba a saya ba, zubarwa ake yi. Ko ana bin ƙa'idar a kowane reshe kullum, wannan ya danganta da manaja da kuma ko janareta na aiki. Amma dai ƙa'idar tana nan a rubuce, akwai wanda za a tuhuma in an karya ta. A matsayina na ma'aikaciyar jinya ba zan raina wannan ba, domin mu ma a asibiti da rubutacciyar ƙa'ida muke tsira, ba da kyakkyawar niyya kaɗai ba.

Sai dai tsafta daban, lafiya daban. Abinci yana iya zama babu ƙwayar cuta ko ɗaya a cikinsa, amma ya riƙa cin jiki a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum zai ci a yini ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Bogar McDonald's da ake kira Big Mac ita kaɗai tana ɗauke da kusan rabin wannan. Ba a zo kan soyayyen dankalin da ake barbaɗa wa gishiri ba. Kuma ba a cika sayar da boga ita kaɗai ba, haɗi ake yi mata: boga, dankali, lemon kwalba, a ce miki in kin saye su tare an rage miki kuɗi. Robar lemon zaƙi ta rabin lita tana ɗauke da suga wajen giram 50, kusan cokalin shayi goma sha biyu, wanda shi ne iyakar abin da aka ce babba ya sha a yini guda. To ina ga yaro ɗan shekara bakwai? Ba banza gwamnatin tarayya ta sa harajin naira goma kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021 ba. Hawan jini da ciwon suga da muke aunawa a asibiti ba a rana ɗaya suke zuwa ba, harshe ne ake saba masa da gishiri da zaƙi tun yana ƙarami, har ya zamana tuwo da miyar kuka ba sa yi masa daɗi.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma muna da abincin gaggawa tun kafin a haifi kakan boga. Ki tsaya a bakin tasha a Yelwa da yamma, kan babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta nufi Koko da Jega, ki ƙirga: mai tsire, mai balangu, mai soyayyen kifi, mai ƙosai, mai masa, mai shayi da biredi da ƙwai. Shi mai shayin ma, in kin lura, boga yake yi: ya tsaga biredi, ya cusa wainar ƙwai da albasa da attaruhu, ya danna a kasko. Sunan ne kawai ba a ba shi ba. Samari kuma sun daɗe suna cusa ƙosai ko tsire cikin biredi.

Inda muka fi kowane kamfani shi ne kayan da ake farawa da su. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwan Kwara ya taru ya zama tafkin da ya miƙo har ƙasar Yawuri, kifi ya zama abin da aka san mu da shi a ko'ina a Arewa. Karfasa, tarwaɗa, giwan ruwa, kurungu, ragon ruwa, da ƙananan nan da ake shanyawa a rana. Sarkawa da Gungawa su fito da shi da safe, kafin la'asar yana cikin kaskon mai suya. Manyan motoci na lodin bandarsa zuwa garuruwa masu nisa. Albasar da ake yankawa a kan tsiren, a bakin ruwan nan ake noma ta. Mutumin birni yana biyan kuɗi mai yawa don ya ci kifin da ya yi watanni cikin ƙanƙara, mu kuwa wanda ya kwana a ruwa jiya muke ci. Ta fuskar gina jiki, gasasshen karfasa guda da tumatir da albasa ya fi boga da dankali nesa ba kusa ba: ga sinadarin gina jiki, ga man kifi mai amfani ga zuciya da ƙwaƙwalwar yaro, babu suga. Ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu kuwa suna ƙara wa ƙashi ƙwari. Abin takaici, su ne yaranmu suka fi rainawa.

Akwai wani bambanci tsakanin tsire da boga da nake so ki riƙe da kyau, domin shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙwayoyin cuta da ke hawa nama wajen yanka da fiɗa, a bayansa suke zama, ba sa shiga can cikin tsoka. Tsire kuwa yanka ne siriri, wuta na lasar kowane gefe nasa, don haka in ya gasu da kyau ta kashe abin da ke kai. Amma da zarar an niƙa nama, abin da ke waje ya koma ciki. Injin niƙa yana cakuɗa bayan naman da cikinsa, kuma a manyan masana'antu curin boga guda yana iya haɗa naman shanu da yawa. Idan aka gasa waje ya yi ja-ja-ja har ya soma baƙi amma tsakiya bai nuna ba, cutar tana nan da ranta. Shi ya sa ƙa'ida ta ce sai zafin tsakiyar niƙaƙƙen nama ya kai digiri 71 a ma'aunin salshiyos.

Amurka da kanta da gawa ta koyi wannan darasi. A 1993 wata ƙwayar cuta mai suna E. coli O157 ta ɓulla ta hanyar bogar kamfanin Jack in the Box da ba ta gasu sosai ba. Mutane fiye da 700 suka kamu, yara huɗu suka rasu, wasu suka tashi da ciwon ƙoda na har abada. Bayan wannan ne aka tsaurara dokokin niƙaƙƙen nama a ƙasar. A 2024 kuma irin wannan ƙwayar ta sake kama mutane fiye da ɗari da suka ci wata bogar McDonald's, mutum ɗaya ya mutu, kuma da aka bi sawu sai aka gano ba naman ba ne, yankakkiyar ɗanyar albasar da ake zubawa a kai ce. Ki ga abin da girman kamfani ke jawowa: in mai tsiren unguwarku ya yi sakaci, mutanen layinku ne za su kwana a bayan gida, in masana'anta guda ta yi sakaci, jihohi ne za su kwanta.

To, ga inda hankalina ya fi tashi. Ba bogar kamfani ba ce, tunda ba ta kusa da mu, ba kuma tsiren gado ba. Ta tsakiyar ce. A 'yan shekarun nan samari da 'yan mata masu neman na kansu sun shiga sana'ar boga da shawarma a garuruwanmu, wasu a ɗan shago, wasu daga gida suna tallatawa a WhatsApp. Ina yaba musu, sana'a ta fi zaman banza, kuma wasunsu sun iya hannu ƙwarai. Amma sun ɗauko abincin da aka gina shi kan sanyi, suka kawo shi inda sanyin ba shi da tabbas. Niƙaƙƙen nama, tsiran nan na kanti da ake kira soseji, mayonis, yankakken kabeji da aka cakuɗa tun da rana: duk waɗannan ba sa haƙuri da zafi. Ƙa'idar ita ce abinci irin wannan kada ya wuce awa biyu a waje, in kuwa zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. Ki tuna yadda Yelwa take a watan Maris da Afrilu. Ki tuna kuma cewa duk da muna zaune a gefen ruwan da ke juya injinan Kainji, wutar lantarki sai ta ga dama take zuwa. Firizar da ta narke da rana ta sake daskarewa da dare ba ta kashe ƙwayar cuta, dakatar da ita kawai take yi, kuma duk narkewa ƙara mata yawa ne.

Mahaucin gargajiya bai taɓa dogara da firiza ba, shi ya sa sana'arsa ta ginu kan dabarun da suka dace da zafinmu. A yanka da safe, a sayar kafin dare. Abin da ake so ya daɗe a mayar da shi kilishi, a shanya, a shafe da ƙuli da yaji, a nuna wa wuta. Kifi a yi masa banda. Sana'ar tana da shugabanni, akwai Sarkin Fawa, kuma mai tukuba ya san in ya sayar da ruɓaɓɓe gobe duk gari zai ji. Sabon mai boga ba shi da ma'aunin zafi da motar sanyi irin na kamfani, ba shi kuma da wannan gadon. A ganina shi ya fi kowa buƙatar a sa masa ido, kuma shi ya fi buƙatar ma'aikatan tsafta na ƙananan hukumomin Yawuri, Ngaski da Shanga su zauna da shi su koya masa, ba su tsaya karɓar kuɗin takarda kawai ba.

Kada mai tsire da mai kifi su ɗauka na wanke su. Laifinsu na farko mai ne. Man da aka soya kifi da shi jiya da shekaranjiya, a ƙara sabo a kai, a ci gaba, har ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa, yana hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba. Irin wannan mai ya lalace, kuma cinsa yau da gobe ba alheri ba ne ga jijiyoyin jini. Ki leƙa kaskon kafin ki miƙa kuɗi. Wannan ma wata dama ce da kike da ita a bakin tasha wadda ba ki da ita a shagon kamfani: ɗakin girkin a gabanki yake, babu bango.

Na biyu, gishiri da ɗanɗano. Mun zargi boga da gishiri, amma yajin tsire fa? Dunƙulen ɗanɗanon miya kusan rabinsa gishiri ne, ga shi ana murtsuka shi cikin ƙuli, cikin yaji, a kuma barbaɗa gishirin kansa. Mai hawan jinin da ya bar gishiri a miyar gida amma kullum da dare sai ya ci tsire da yaji cike da takarda, bai bar komai ba. Maigida, da kai nake.

Na uku, abin da ake ɗorawa bayan an sauke daga wuta. Naman ya fito tsaf, sai a yanka shi kan katakon da aka yanka ɗanye, da wuƙar da aka goge da tsumma guda tun safe, a zuba albasa da tumatir da kabejin da aka ɗauraye a bokitin da ruwansa bai canja ba, da hannun da ya karɓi kuɗi yanzun nan. A lokacin damina, da ruwa ke cika ya shiga rijiyoyi, amai da gudawa ke yawo a garuruwan bakin ruwa, wannan ɗanyar albasar ta fi naman haɗari. In yara za ki kai wa, ki ce a bar miki naman zalla, ki yanka albasarki a gida. Ki kuma nemi a mayar da shi kan wuta a gabanki ya yi zafi har ciki, domin tsiren da aka gasa tun la'asar aka jingine a gefen tukuba yana shan ƙura da ɗumi-ɗumi, shi ne daidai yanayin da ƙwayar cuta ke so. Naɗewa cikin tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti kuwa, tawada da ƙurar ba abinci ba ne. Ki tafi da kwanonki mai murfi, ba abin kunya ba ne.

Na huɗu ya fi duka muni, kuma ya shafi busasshen kifi. Wasu 'yan kasuwa, ba duka ba, suna fesa wa banda maganin ƙwari irin su fiya-fiya don kada tsutsa da ƙwaro su ci musu jari. Guba ce wadda aka yi don gona, kuma saboda yadda ake amfani da ita ba bisa ƙa'ida ba ne hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a 2019. In kin ga tulin busasshen kifi a kasuwa ƙuda ko ɗaya ba ya kusantarsa alhali na maƙwabcinsa ana ta kora, ko kika ji wani wari kamar na kananzir ko magani, ki wuce. Ki sayi kifi wurin wanda kika sani, a nan kuwa ba mu rasa sanin masu banda ba.

Batun kuɗi ba sai na daɗe a kai ba. Abin da za ki biya wa yaro ɗaya boga da dankali da lemo a birni zai sayi kifin da gida guda zai ci a Zamare ko Wara. Kuma kuɗin da kika ba mai suya yana komawa ga masunci, da mai itace, da matar da ta yi ƙuli, da manomin albasa, duk a cikinmu.

In kika ce lallai sai na zaɓa, ga yadda nake jera su ga yaran gidanmu. Gasasshen kifi ko tsiren da aka sauke daga wuta a gabana shi ne na farko. Bogar kamfani in an je birni, sau ɗaya a wani lokaci, da ruwa a madadin lemo, ba na ɗaga murya a kai, domin haramta wa yaro abu kacokan ƙara masa kwaɗayinsa ne. Bogar gefen hanya kuwa sai na yi tambaya: yaushe aka niƙa naman, ina aka ajiye shi, ina robar mayonis ta wuni? Kuma sai na tsaga ta na duba tsakiya. In da sauran ja ko ruwan jini, a mayar kan wuta. Ga mai ciki, da yaron da bai kai shekara biyar ba, da tsoho, da mai ciwon suga, na fi so a haƙura da ita gaba ɗaya in ba a tabbatar da amsoshin nan ba.

Idan kuma aka ci wani abu a waje yaro ya soma gudawa, ki fara ba shi ruwan gishiri da suga na leda da ake kira ORS tun kafin ya galabaita, ki ci gaba da ba shi nono ko abinci. Kada ki saya masa maganin tsayar da gudawa a kemis. In kin ga jini a bayan gidansa, ko fitsarinsa ya ragu sosai, ko idanunsa sun faɗa, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ku tafi asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne, ko da sai an shiga jirgin ruwa. Ki gaya wa ma'aikacin abin da ya ci da inda aka saya, domin yana iya zama ba shi kaɗai ba ne.

Shi kuwa yaron da ya nace sai boga, ki yi masa ta kifi a gida. Ki sami tarwaɗa ko giwan ruwa mai tsoka, ki ɗan tafasa da albasa da citta, ki cire fata da ƙaya tsaf, ki bi da yatsa sau biyu saboda ƙananan. Ki marmasa, ki zuba yankakkiyar albasa, ɗan attaruhu, tafarnuwa, ƙwai guda, da garin busasshen biredi ko dafaffen dankalin Hausa kaɗan don ya kama jikinsa. Gishiri ɗan kaɗan ya isa. Ki cura, ki danna ya yi faɗi kamar masa, ki gasa a kasko da mai cokali ɗaya, kowane gefe har ya yi ja. Ki tsaga biredi ki ɗan ɗumama shi a kaskon, ki jera tumatir da albasar da kika wanke da hannunki. In kina da fiya ki murje ta ta maye gurbin mayonis. A ci a lokacin, kada a ajiye wa wanda ya tafi islamiyya sai in za a sake ɗumamawa. Ki bar shi ya cura nasa da kansa bayan ya wanke hannu da sabulu, in ya so ma ya naɗe a farar takarda ya rubuta sunan kamfaninsa a kai.